Neman kalmar Hausa: me za mu kira lipoprotein, da hanyoyin da muke rarrabe shi a lab?

Salamu alaikum jama'a. Yau kam sai kun taya ni, musamman 'yan uwana ma'aikatan lab da malaman Hausa da ke nan, don maganar nan ta daɗe tana ci na a rai.

Jiya da hantsi wani dattijo daga Fagge ya zo karɓar sakamakon jininsa a inda nake aiki, ya miƙo min takardar ya ɗora yatsa kan layi biyu, HDL da LDL, ya ce ɗana waɗannan fa? Na ce Baba ɗaya kitse mai kyau ne ɗaya mara kyau, yadda dai kowa yake faɗa a rediyo da bakin asibiti. Sai ya yi shiru kaɗan, ya ce to wanne nama ne yake da mai kyan in riƙa saya, na rago ko na sa? Wallahi nan take na gane ba laifinsa ba ne, kalmar da na ba shi ce ta kai shi wajen mahauta. Ya tafi yana godiya, ni kuwa har na tashi aiki ban samu natsuwa ba.

Gaskiyar magana kolestarol ɗin da ke cikin HDL da wanda ke cikin LDL abu ɗaya ne, babu wani bambanci ko na ƙwayar zarra. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya ɗauko shi da inda za a kai shi. Jini galibinsa ruwa ne, mai da ruwa kuwa ba sa shiri, duk wadda ta taɓa zuba manja a miya ta ga yadda yake tasowa sama ya yi ido-ido. To don haka jiki ba ya sakin maiƙo haka kawai cikin jini, sai ya ƙunshe shi tukuna, kolestarol da tiraigilisarid, wato nau'o'in maiƙon nan biyu, a ciki, a waje kuma a lulluɓe da wata 'yar riga da ke iya zama da ruwa, da furotin manne a jikinta wanda shi ne kamar takardar da ke nuna inda kayan za su sauka. Wannan ƙunshin gaba ɗaya shi ne Turawa suke kira lipoprotein, mu kuma a lab muna cewa lipofurotin mu wuce. Shi nake nema wa suna.

Da farko ni dai ban yarda da kitse ba. Kitse a kunnen Bahaushe fari ne, daskararre, wanda ake yankowa daga jikin nama ko a gani a tozon sa. Abin da ke yawo a jini ba haka yake ba. Mai kuma ya yi faɗi da yawa, fetur ma mai ne. Maiƙo shi ya fi kusa, shi ne abin da ke rage maka a hannu bayan ka ci tsire, wanda ruwa zalla ba ya wankewa. Sai na ce mu ajiye maiƙo a matsayin sunan kayan.

Mai ɗaukar kayan kuma, shawarata ita ce ɗan dako. Ɗan dakon maiƙo, jam'i 'yan dakon maiƙo. Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san ɗan dako ba shi ne kaya ba, ba kuma nasa ba ne, ɗauka yake daga nan ya kai can, kuma akwai mai fito da kaya daga sito zuwa shaguna akwai mai kwashe abin da ya rage ya mayar. LDL shi ne mai kai kolestarol sassan jiki, idan ya yi yawa a hanya sai ya riƙa kutsawa bangon jijiya ya maƙale, shekara da shekaru har hanyar ta ƙuntata. HDL kuma yana cikin masu kwaso rara su mayar hanta. Da na gaya wa Baba haka da bai tambaye ni rago ko sa ba.

Amma inda na fi shan wuya ba nan ba ne, wajen harafin D ɗin nan ne da ke tsakiyar sunayen, wato density a Turance, wanda duk sunayen a kansa aka gina su. Mutane suna fassarawa da nauyi, su ce HDL mai nauyi LDL mara nauyi, kuma wannan yana ɓatar da ɗalibai sosai, don da ka ce mai nauyi sai yaro ya zata shi ne babba. Alhali HDL shi ne ɗan autan cikinsu, faɗinsa bai wuce nanomita 8 zuwa 12 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), LDL ashirin da 'yan kai, wani ɗan dakon da hanta ke fitarwa mai suna VLDL daga 30 zuwa 80, kailomaikron ɗin da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci kuwa yana iya kaiwa 1000. Ƙwaya ɗaya ta LDL ta fi ƙwaya ɗaya ta HDL nauyi nesa ba kusa ba. To ta ina HDL ya zama mai nauyi?

Amsar a Dawanau take. Ɗauki mudu ɗaya ka cika da dusa, ɗauki wani mudun irinsa ka cika da gero. Ma'auni ɗaya, amma hannunka zai gaya maka ba ɗaya ba ne. Wannan shi ne abin da harafin yake nufi, nauyin abu idan an cika ma'auni guda da shi. Shi ya sa nake so mu ce nauyin mudu. HDL furotin ya yi masa yawa, kusan rabinsa, furotin kuwa ya fi maiƙo danƙaruwa, sai mudunsa ya yi nauyi. Kailomaikron kusan duk maiƙo ne, ƙato ne amma mudunsa kamar dusa. A alƙaluma, ana auna giram nawa ne a mililita ɗaya, ruwa yana kan 1, VLDL ƙasa da 1.006, LDL daga 1.019 zuwa 1.063, HDL daga 1.063 zuwa 1.21, a ɗan tsakanin nan na 1.006 da 1.019 kuma akwai wani da ake kira IDL wanda shi VLDL ne a hanyarsa ta zama LDL. Ka ga tazarar ba ta da yawa ko kaɗan, amma da ita aka raba su.

Kuma wallahi abin da ya fi burge ni shi ne duk hanyoyin da muke raba su a lab, uwayenmu suna yin irinsu a tsakar gida, sunayen suna nan a bakinsu mu ne ba mu ɗauko ba.

Mafi sauƙi, wadda ba ta buƙatar komai sai firji. Akwai ranar da aka kawo mana jinin wani bawan Allah, da muka wulwula shi ƙwayoyin jini suka kwanta ƙasa, ruwan saman da ya kamata ya fito garau ruwan ɗorawa-ɗorawa sai ya fito fari kamar an dama madara. Na rufe 'yar kwalbar na tsayar da ita a firji ta kwana. Da safe na ɗaga ta saitin taga, ga wani farin layi mai kauri ya taru a sama kamar yadda maiƙo ke tasowa saman nonon da ya kwana a ƙwarya, ƙasansa kuma ya ɗan washe. Wannan layin kailomaikron ne, shi da kansa yake tasowa don mudunsa bai kai na ruwa ba. Idan kuma babu layi a sama amma duk ruwan ya yi dishi-dishi, to VLDL ne ya yi yawa. Wannan gwajin ni kwanan firji nake ce masa, kuma ɗalibai ba sa mantawa da shi in sun gani da idonsu sau ɗaya.

Sauran ba sa tasowa da kansu sai an tilasta musu, nan ne injin wulwulawa yake shigowa, wanda muke kira sentirifuj. Ƙaramin da ke kan teburin kowane lab jini kawai yake rabawa da ruwansa. Wanda ke raba 'yan dako babba ne, wani Basuwidi Theodor Svedberg ne ya ƙirƙiro shi, ya samu kyautar Nobel a 1926, sannan John Gofman a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ya yi amfani da shi wajen 1949 zuwa 1950 ya nuna cewa 'yan dakon nan iri-iri ne kuma wasunsu ne suke da alaƙa da ciwon zuciya. A 1955 Havel da abokan aikinsa suka fito da tsarin da har yau ake bi. Dabarar gishiri ce. Za ka wulwula ruwan jinin yadda yake na kusan kwana guda da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000 ko fiye, VLDL ya taso ka kwashe. Sai ka zuba wani gishiri, potasiyam buromaid, ka ɗaga nauyin mudun ruwan zuwa 1.063, ka sake wulwulawa, LDL ya taso ka kwashe. Ka ƙara gishiri zuwa 1.21, HDL ya taso. Kamar dai ƙwai ne da yake nutsewa a ruwa zalla amma in ka narka gishiri da yawa sai ya yi iyo. Kwanaki ake yi ana abu ɗaya, injin ga tsada ga shi ba ya son wuta ta ɗauke ko na minti ɗaya, shi ya sa aikin masu bincike ne ba na gwajin kullum ba. Amma sunayen da ke kan takardar Baba duk daga cikin wannan injin suka fito. Na so in kira hanyar kaɗa nono tunda ita ma man shanu take fitarwa, sai na ga kaɗawa girgizawa ce, wannan kuwa juyi ne, don haka wulwulawa ta fi.

Ta uku ita ce elektroforesis, ni tseren lantarki nake so mu ce. Ana ɗiga ruwan jini a gefen wani falle na jel, a saki lantarki, kowane ɗan dako ya kama gudu gwargwadon cajin da ke jikinsa. HDL ne ke yin gaba, VLDL na biye, LDL a baya, kailomaikron kuwa ko motsi ba ya yi yana nan inda aka ɗiga shi. Sai a zuba rini mai kama maiƙo kawai, layuka su fito ɓaro-ɓaro kamar zane a jikin tufa da aka tsamo daga karofi. Da irin wannan tseren, a kan takarda a lokacin, Fredrickson da Levy da Lees suka kasa cututtukan yawan maiƙo gida biyar a 1967.

Ta huɗu tankaɗe ce zalla. Jel ne wanda ramukansa suke ƙara matsewa yayin da ake gangarawa, kamar ka jera rariya mai manyan ido a sama mai ƙanana a ƙasa, kowa ya gangara har ya iso inda ba zai iya wucewa ba ya tsaya. Tsaki a sama gari a ƙasa. Da wannan Ronald Krauss da abokan aikinsa suka nuna a shekarun 1980 cewa LDL ɗin ma kansa ba iri ɗaya ba ne, akwai manya masu sakwat akwai ƙanana danƙararru, kuma ƙananan an fi ganinsu wajen masu ciwon suga da masu yawan tiraigilisarid. Tankaɗen jel, shi ke nan, ban ga abin da za a ƙara ba.

Wadda muka fi yi a nan Kano kuwa ta fi kama da yadda ake jefa alam a ruwan rijiya mai laka, lakar ta dunƙule ta kwanta. Ana zuba wani sinadari da magniziyam, duk 'yan dakon da ke ɗauke da furotin ɗin da ake kira apoB su dunƙule, a wulwula su kwanta, HDL kaɗai ya rage a sama a auna kolestarol ɗinsa. Kwantarwa ke nan. Yanzu manyan injina suna auna HDL kai tsaye ba sai an kwantar ba, amma ƙananan lab da yawa har gobe haka suke yi.

LDL ɗin da ke kan takarda fa? Dan Allah ku ji wannan, sau da yawa ba auna shi aka yi ba, lissafi ne. Friedewald ne da abokan aikinsa suka kawo shi a 1972. Ka ɗauki jimillar kolestarol, ka cire HDL, ka cire tiraigilisarid da aka raba da 2.2 idan da milimol ake aiki, ko da 5 idan da miligiram ne. Misali jimilla 5.2, HDL 1.0, tiraigilisarid 2.2, sai ka cire 1.0 ka sake cire 1.0, LDL ya zama 3.2. Amma in tiraigilisarid ya haura 4.5, wato miligiram 400, lissafin ya rushe, irin jinin nan mai kama da madara ba a yi masa shi sam. Dalilin da ya sa ake ce wa mutum ya zo bai karya ba ke nan, awa 9 zuwa 12, ba don a wahalar da shi ba, don 'yan dakon hanji su gama sauke kayan daren jiya su bar hanya.

To ga shi nan, ku gyara min.

Na dawo bayan na karanta amsoshinku. Malam, na ga amsarka, Allah ya ƙara ilimi. Ka ce ɗan dako mutum ne mai rai mai niyya, ƙunshin maiƙo kuwa ba ya tafiya da kansa jini ne yake tura shi, don haka kwale-kwale ya fi dacewa tunda a ruwa yake. Gaskiya hujjarka tana da ƙarfi kuma na daɗe ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne mutumin Kano nawa ne ya taɓa shiga kwale-kwale, in ba wanda ya je Tiga ko Wudil ba? Ɗan dako kuwa ko yaro ɗan shekara bakwai ya san shi. Sannan Hausa ta saba ba mara rai sunan ɗa, ai muna cewa ɗan kunne, ɗan makulli, ba wanda ya ce suna numfashi. Amma ranka ya daɗe ga inda ɗan dako ya ƙara min amfani, wajen ƙirge. Kowane LDL da VLDL yana ɗauke da apoB guda ɗaya tak, kamar lambar da ɗan dako ke ratayawa. In ka auna kolestarol ɗin LDL kaya ka auna, in ka auna apoB kawunan 'yan dako ka ƙirga. Mutum biyu za su iya zuwa da adadin kaya iri ɗaya, ɗaya 'yan dakonsa kaɗan ne kowa da babban ɗauri, ɗayan kuma ƙanana ne birjik kowa da ɗan ƙulli, kuma na biyun ne hanyarsa ta fi cunkoso, bangon jijiyarsa ya fi shan karo. Akwai ma injin maganaɗisu da ake kira NMR wanda yake ƙirga su ya faɗi girmansu ba tare da an raba su ba. Wannan bayanin da ɗan dako yana fita a numfashi ɗaya.

Ƙanina ɗalibin BUK da ka ce mu bar lipofurotin kawai yadda muka bar kwamfuta da rediyo, ban ƙi ba, a jarrabawa da takardar sakamako dole ka san HDL da LDL da haruffansu, ba wanda zai canza maka su. Amma kwamfuta kana ganinta a kan tebur, sunan ya manne da abin da ido ya gani. Wannan kuwa ba mai ganinsa, sunan ne kaɗai hoton da mara lafiya zai tafi da shi gida, in ka ba shi kalmar da ba ta zana masa komai to kitse mai kyau ɗin nan zai koma wa. A riƙe biyun, ɗaya na aji ɗaya na bakin kanta.

Hajiya, na gode ƙwarai, gyaranki na karɓa hannu biyu. Kin ce a Kano kwano muka fi cewa ba mudu ba, haka ne, amma nauyin kwano zai sa a zata kwanon kansa ake nufi, mudu kuwa kowa ya san ma'auni ne daga nan har Sakkwato da Damagaram, a bar shi a mudu. Wanda kika kawo na biyu kuwa ya fi nawa, na ce wa LDL mai kaiwa HDL mai mayarwa, kika ce mai rabo da mai kwashe sun fi daɗin faɗa kuma ba sa rikicewa a kunne. Ɗan dako mai rabo, ɗan dako mai kwashe. Na goge nawa.

Kin kuma yi tambaya kan gwajin da aka rubuta wa ɗanki, Lp da ƙaramin a. Shi LDL ne da aka ɗaura masa wani ƙarin furotin, wani likita ɗan Norwe Kåre Berg ne ya gano shi a 1963. Yawansa a jini kusan duk daga iyaye ake gadonsa, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai, kuma bincike ya nuna mu baƙar fata 'yan asalin Afirka namu ya fi na Turawa yawa a matsakaici. A wulwulawa yana faɗowa tsakanin LDL da HDL ne, a lissafin Friedewald kuma kolestarol ɗinsa yana ɓuya cikin na LDL, sai an yi masa gwajinsa daban ake ganinsa, kuma tunda ba ya cika canzawa yawanci sau ɗaya ya isa. Kin ce in haka ne ai sunansa ɗan gado. Na rubuta shi haka a littafina, ɗan dako ɗan gado. Ki ce wa yaron ya koma wa likitan da ya rubuta masa da takardar, kuma in ya fito da yawa a duba 'yan uwansa da suke ciki ɗaya.